Fatsa a Bakin Tekun Kalifoniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gada, Kayak da Gayyar Masunta

Tun ranar da na yi gangancin tura hoton wani kifi da na kama zuwa zauren danginmu na WhatsApp, ban sake samun sakat ba. Wasu tambayoyin daga gida suke zuwa, wasu kuma daga 'yan'uwan da suka sauka nan Kalifoniya karatu ko aiki, suka ga mutane jere a kan gada riƙe da sanduna, suna sha'awar gwadawa amma suna tsoron taka doka. Ga waɗanda aka fi maimaita mini. Dokokin kamun kifi a nan kusan kowace shekara sai an taɓa su, saboda haka duk adadin da na ambata a sake duba shi a littafin Hukumar Kifi da Namun Daji ta jihar kafin a jefa ƙugiya.

Yaya, wace irin gada ce wannan da ba ta tsallaka da kowa ko'ina?

Doguwar gada ce ta katako ko kankare da take tashi daga gaɓa, ta miƙe cikin teku, ta tsaya cak. Wanda ya taka zuwa ƙarshenta ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa, ya isa kan ruwa mai zurfi ba tare da ya jiƙa ko tafin ƙafarsa ba. Ta Huntington Beach ta kai ƙafa 1,850, wato sama da rabin kilomita. Ta Santa Monica an buɗe ta a 1909, kuma abin dariya, ba don masunta aka gina ta ba, don ta ɗauki bututun ƙazantar gari ne ta kai shi can cikin ruwa. Ta Pacifica, kusa da San Faransisko, an buɗe ta a 1973, ta yi suna wajen ƙaguwa. Yawancinsu akwai fitilu da bencina da teburin gyaran kifi mai famfo.

Teku kuwa ba ya raga musu. Ta Ocean Beach da ke San Diyego a rufe take tun watan Oktoban 2023 saboda dukan igiyar ruwa, ta Santa Cruz kuma bakinta ya rufta a Disambar 2024.

Da gaske ne ba a biyan ko sisi?

Da gaske ne. A kan gadar teku ta gwamnati ba a neman lasisi, ɗan ƙasa ne kai ko baƙon da ya sauka jiya. Kana saukowa kan yashi, ko ka hau kayak (ɗan kwale-kwalen mutum ɗaya) ko jirgi, matuƙar ka kai shekara 16, sai da lasisi. Akwai na kwana ɗaya, na kwana biyu, da na shekara, wanda tun 2023 yake yin kwana 365 daga ranar da ka saya.

Sai dai rashin lasisi bai ɗauke maka sauran dokoki ba. Sanda biyu kawai aka yarda mutum ɗaya ya jefa a kan gada. Awon kifi yana kanka, ƙayyade adadi yana kanka, kuma mai neman lobsta, ƙaton ɗan'uwan jatan lande, sai ya sayi katin rahoto ko da a kan gada yake. Wannan rangwamen ne ya sa gada ta zama wurin talaka. Da asuba za ka tarar da tsofaffin 'yan Filifin da 'yan Biyetnam da 'yan Meziko da keken turawa cike da bokitai, waɗanda kifin nan shi ne miyar gidansu, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fito shan iska kawai.

Me zan saya don farawa?

Kada a cika ka da kaya. Sandar fatsa mai tsawon ƙafa bakwai zuwa tara da abin naɗe zarenta, zaren roba, ƙugiyoyi ƙanana, 'yar dalma, filaya, bokiti mai doguwar igiya, tsumma, da tef ɗin awo. Abincin ƙugiya kuwa jatan lande ko yankan kifi ya wadatar. Akwai wani haɗin da ake kira sabiki, ƙananan ƙugiyoyi jere a zare ɗaya kowace da ɗan gashi mai ƙyalli, kamar ƙaramin mamari. In garken makarel ya ratso, ɗan'uwan titus ɗin nan na kasuwa, sai ka fito da uku ko huɗu a ja ɗaya.

Kuskuren sabon shiga shi ne wurga zare can nesa iya ƙarfinsa. Kifi da yawa a gindin ginshiƙan gadar suke, ƙarƙashin ƙafarka, suna tsattsagar abin da ya manne a jikinsu. Gadoji da dama ma sun hana wurgawa ta saman kai, don kada ƙugiya ta kama kunnen mai wucewa.

Ka sha wahala ka kama kifi, sannan ka mayar da shi ruwa? Lafiyarka kuwa, Kawu?

Wannan tambayar ɗan yayata ne, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ma na yi ta. Wata safiya ina kan gada, hazo bai gama washewa ba, na ji sandar ta lanƙwashe da wani nauyi kamar na jawo tsumman buhu. Da ya taso sai ga halibot, kifin nan mai faɗi kamar faifai wanda idanunsa biyu suke ɓari ɗaya. Wani dattijo da ke gefena bai ce uffan ba, ya zura ragarsa mai da'ira da igiya ya ɗago mini shi. Tuni na fara lissafin albasa da attaruhu. Dattijon ya shimfiɗa shi a kan tef, ya danna bakin kifin a sifiri, ya shafa wutsiyar ta miƙe. Inci 21. Doka ta ce 22. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, muka mayar da shi cikin ragar muka sauke a hankali. Ya kwanta a saman ruwa kamar matacce na ɗan lokaci, sai ya kaɗa jiki sau ɗaya ya ɓace. Ranar ko sallamar kirki ban yi wa dattijon ba.

Daga baya na gane lissafin. An yanka awon ne don kifi ya samu ya yi ƙwai kafin ya shiga tukunya. Farin sibas sai ya kai inci 28, shak mai zanen damisa inci 36, bas na cikin ciyawar teku inci 14. A dunƙule ba a wuce kifi 20 a rana, kuma iri ɗaya ba ya wuce 10, ban da waɗanda aka yi wa nasu adadin daban da irin su makarel da ba a ƙayyade ba. Wasu kuma ba a ɗaukarsu sam: garibaldi, ɗan ja-ja mai ruwan lemo wanda shi ne kifin teku na jihar, da ƙaton baƙin sibas da aka hana kamawa tun 1982 bayan an kusa ƙarar da shi.

Wanda ya san Argungu bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Ana hana su a Matan Fada har sai Sarkin Ruwa ya ba da izni, shi ya sa ranar da aka buɗe ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Kalifoniya ta yi irin wannan da dokar 1999, ta keɓe wurare 124 a gaɓarta, aikin da aka kammala a 2012. Wasu an hana taɓa komai a cikinsu, wasu an yarda da kamun wasu nau'o'i kawai.

In na ɓoye shi a ƙasan kula, wa zai sani?

Kifi na ganinka, mai jar koma. Jami'an hukumar suna hawa gada ba sanarwa, suna buɗe kula da bokiti, kuma tarar ba ta wasa ba ce, ga zuwa kotu. Kafin su ma, maƙwabcinka na kan gada zai yi maka magana, akwai kuma layin waya na kai rahoton masu satar kifi. Wanda yake zaune da biza ya fi kowa dalilin kiyayewa.

Zan iya sayar da wanda ya yi mini yawa?

A'a. Kifin da aka kama da sunan nishaɗi haramun ne a doka a sayar da shi ko a yi musaya da shi. Kyauta dai babu laifi.

Duk abin da ya fito daga teku ai halal ne. To me ya sa ka ce kada a ci wasu?

Halaccin ba a jayayya a kansa, aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. Maganar guba ake yi. Wani kamfani mai suna Montrose ya yi shekaru yana haɗa maganin ƙwari na DDT kusa da Torrance, kuma har zuwa 1971 dagwalonsa ta bututun gari yake bi ya zube a teku, gaban gaɓar Palos Verdes. Amurka ta haramta DDT a 1972, amma wanda ya riga ya kwanta a laka yana nan. Tsutsa ta ci laka, kifi ya ci tsutsa, gubar ta taru a kitsensa. Wanda ya ga yadda Gamalin ya yi wa wasu tafkunanmu ya san zancen, sai dai wannan ba ya kashe kifin ya taso sama ka gani. Kifin lafiyarsa ƙalau a ido.

Daga gadar Santa Monica zuwa ta Seal Beach, hukuma ta ce kada a ci iri biyar: farin kuroka, baƙin kuroka, bas ɗin yashi mai zane, tofsimelt, da barakuda. Farin kuroka ya fi kowa laifi, don a lakar yake kiwo, ga shi kuma shi ya fi saurin cin ƙugiya.

Abin da ya fi yi mana ciwo mu Hausawa shi ne shawarar yadda za a ci sauran kifin yankin: a cire fata, a yar da kai da kayan ciki, a ci tsokar kawai, a gasa yadda kitsen zai ɗige. Wato farfesun kan kifi, wanda don shi wasunmu suke fitowa, shi ne hanyar da ta fi tara gubar a kwano. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara su suka fi buƙatar a kiyaye musu.

Akwai wanda ke harbi ko cizo?

Akwai. Kunaman ruwa irin na kogin Binuwai yana da 'yan'uwa a nan masu ƙaya a wutsiya. Akwai kuma wani jan kifi mai kumburarren kai da ake kira sukalfin, ƙayoyin bayansa dafi gare su, namansa kuwa daɗi. Wanda aka harba ya tsoma wurin a ruwan zafi iya yadda zai jure, sannan ya nemi asibiti. Kifin da ba ka sani ba, filaya ce za ta taɓa shi ba yatsa ba.

Mene ne kayak, kuma me ya raba shi da kwale-kwalenmu?

Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace su fita farauta. Na masunta a yau roba ce, tsawon ƙafa 12 zuwa 14, na mutum ɗaya. Ba cikinsa ake shiga ba, a kansa ake zama, kuma yana da 'yan ramuka da ruwan da ya fantsamo yake tsiyayewa ta ciki. Filafilinsa baki biyu ne, dama da hagu. Kamfanin Hobie ya fito da na tuƙawa da ƙafa a 1997, abin da ya sakar wa masunci hannayensa biyu. Ka ɗaura masa inji, ko na batir ne, sai ka yi masa rajista kamar jirgi.

Amfaninsa shi ne ya kai ka inda gada ba ta kai ba, bakin dajin ciyawar teku, ba ƙara ba hayaƙi ba kuɗin mai. A La Jolla, wanda ake furtawa La Hoya, mutane suna kama kifin da zai yi ta jan kayak ɗin da mai shi na tsawon lokaci kafin ya gaji. Wurin da ake tura kayak ruwa a can cikin keɓaɓɓen yanki yake, don haka sai an tuƙa an wuce iyaka kafin a jefa zare.

Na iya ruwa tun ina yaro a Tiga. Rigar ceto dole ce?

Iya ruwa fidda kai, gaskiya ne, amma ruwan Tiga bai taɓa ƙwace maka numfashi ba. A arewacin jihar sanyin teku yana zama tsakanin digiri 10 zuwa 13. Faɗawa cikinsa kwatsam yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, kuma cikin mintuna yatsu su daina jin umarni. Doka ta ce kowane mutum da rigarsa a cikin jirgi, yaro ƙasa da shekara 13 kuma sai ya sa. Ni a wurina rigar da ke ɗaure a bayan kujera ba ta da maraba da wadda aka bari a gida. A yi shiga don sanyin ruwa, ba don zafin rana ba.

Sauran kayan: usur, farar fitila in da duhu, oba-oba ta ruwa da aka saita a tasha ta 16 inda masu tsaron gaɓa suke saurare, da ragar ɗago kifi mai faɗin baki inci 18, wadda doka ta wajabta. A gaya wa wani a gida inda za a da lokacin dawowa. A kuma kula da iska. Ta yamma takan taso bayan azahar, shi ya sa ake fita da asuba a dawo da hantsi. Wadda ta fi haɗari ita ce Santa Ana, busasshiyar iska mai kama da ta hunturu da ke busowa daga hamada zuwa teku. A gaɓa ruwan zai yi lumui kamar tabarma, alhali tana tura ka ciki.

Sannan a koyi komawa kan kayak bayan ya kife, a ruwa marar zurfi, sau goma, kafin a sayi ko ƙugiya. Ni a dawowa ta uku ce igiya ta ɗago bayan kayak ɗin, ta juya shi gicciye, ta kifar da ni a ruwan da bai kai ƙugu ba, a gaban yara masu wasan yashi. Na tashi da yashi har cikin kunne. Sandar da ban ɗaure da igiya ba tana can har yau.

Na ga hoton kifi idanu a waje, wani abu ya fito masa ta baki. Cuta ce?

Ba cuta ba ce. Kifin dutse ne da aka jawo daga zurfi. Yana da jakar iska a ciki, yana tasowa matsin ruwa yana raguwa, jakar tana kumbura har ta turo tumbinsa waje. Ka sake shi haka, zai yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsu ya ɗauke. Kada a huda tumbin. Akwai ɗan ƙarfe mai dalma da ke riƙe leɓensa ya mayar da shi ƙasa ya sake shi, can iskar ta koma yadda take. Tun 2024 dole ne mai neman irin wannan kifi daga jirgi ko kayak ya riƙe wannan ƙarfen. Wani daga cikin kifayen dutsen, mai rawayan ido, yana haura shekara 100 a duniya, kuma an hana ɗaukarsa.

Ka ce kana aikin sa-kai. Sintiri kuke yi?

Ba irin 'yan sa-kai na gida masu bindigar toka ba. Ya fi kama da gayya. Ga wanda na fi so: wani shiri na jami'o'in jihar da ake kira CCFRP, wanda aka fara a 2007. Masana suna ɗaukar hayar jirgi, su gayyaci masunta kyauta, a je a yi fatsa a cikin keɓaɓɓun wuraren nan da kuma wajensu, da kaya iri ɗaya da ƙugiya marar ƙaya. Ana busa alama kowa ya jefa, bayan minti 15 kowa ya naɗe. Kai dai ka jawo, ɗalibi ya karɓa ya auna, ya kira suna da tsawo, mai rubutu ya rubuta, a maƙala wa wasu lamba a mayar. Ba ka komawa gida da ko ɗaya. Masunta da yawa sun yi adawa da rufe wuraren nan da farko, suna cewa masana ba su san teku ba. Dabarar shirin ita ce a ce musu, to ku zo ku kama da hannunku mu ƙirga tare. Gani ya kori ji.

Akwai kuma renon farin sibas. Cibiyar Hubbs-SeaWorld tana ƙyanƙyasar su a Carlsbad, sai a raba 'ya'yan ga ƙungiyoyin masunta masu keji a tashoshin ruwa irin su Marina del Rey da Newport. Su ke ba su abinci, su goge keji, su tsame matattu, har su kai kamar taƙi guda a sake su. Kowane da ɗan guntun waya a kumatu, shi ya sa ake roƙon wanda ya kama babba ya ba da kan a duba. An saki sama da miliyan biyu. Wani bita na 2017 ya ce gudummawarsu ga abin da ake kamawa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, daga baya binciken ƙwayar halitta ya nuna ta fi haka, kuma ana ta muhawara. Ina ganin ko da lissafin bai fita ba, mutumin da ya yi wata uku yana ciyar da ɗan kifi da wuya ya sake ɓoye ƙarami a kula.

Ba ni da jirgi, ba ni da kwana guda na bayarwa. Akwai ƙaramin abu?

Zare. Duk guntun da ka gani a kan gada ka tsince shi ka zuba a farin bututun da ke ɗaure a jikin shinge, akwai masu kwashewa a kai a narke. Tsuntsun kwasa-kwasa, wanda DDT ya taɓa sa ƙwansa fashewa a ƙarƙashin uwa har sai 2009 aka cire shi daga jerin masu shirin ƙarewa, yanzu zare da ƙugiya ne suke kai shi asibitin tsuntsaye na San Pedro. In ya kama a zarenka kada ka yanke ya tashi da shi. Jawo shi a hankali, rufe masa kai da tawul, kira masu ceto.

Asabar ta uku ta Satumba kuma ranar share gaɓa ce, tun 1985 ake yi. Ƙungiyar Heal the Bay tana tura mutane kan gadoji tun 2003 suna bayyana wa masunta zancen gubar nan da harsuna daban-daban. Wata mai suna Heroes on the Water, da aka kafa a Texas a 2007, tana fita da tsofaffin sojoji fatsa a kayak, kuma kullum tana neman mai ɗaukar kaya da mai dafa abinci.

An ce akwai kifin da ke fitowa tudu da kansa. Tatsuniya ce?

Sunansa gurunyon, yawanci tsawonsa inci biyar zuwa shida ne. Daga Maris zuwa Agusta, darare huɗu bayan cikar wata da bayan ɓatansa, igiya tana kawo su kan yashi. Macen ta nutsa wutsiya a tsaye ta zuba ƙwai, mazan su kewaye ta, igiya ta gaba ta kwashe su. Ƙwan yana kwana kamar goma a yashi kafin babbar cikowa ta ƙyanƙyashe shi. Da hannu kawai aka yarda a kama, ba koma ba bokiti ba haƙa rami, guda 30, da lasisi, kuma daga Afrilu zuwa Yuni kallo kawai ake yi. Sarkawan Kabi da za su zo nan da sun ba mutane kunya.

Zan iya zuwa da maiɗakina da yara? Sallah fa?

Ƙwarai. Gada ta fi dacewa da iyali, a dai riƙe hannun ƙanana a riƙo rigar sanyi ko da bazara ce. Sallah kuwa kowa harkarsa yake yi, shimfiɗa dardumarka a gefe. Abu ɗaya: mu da muka saba cewa gabas, a nan alƙibla arewa ce ta ɗan karkata gabas. Duba wayarka.

To Malam, in na ce zan biyo ka ranar Asabar, me zan riƙo?

Mu haɗu bayan sallar asuba, don kifi ya fi ci da sassafe da lokacin da teku ke cikowa. Sanda ina da ta aro, tef ma ina da biyu. Kai dai ka zo da hula, da ruwan sha, da kuɗin fakin, da ƙanƙara a kula don makarel ba ya jure rana. In akwai sauran yajin ƙuli da Hajiya ta aiko maka, shi ma ka sako shi a aljihu.